Godiya ga iyayenmu da malamai bayan zaman cike takardun tallafin karatu a Bronx

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman da muka ɗauki makonni muna yi na cike takardun neman tallafin karatun jami'a ya kammala lafiya. A madadin masu hidimar ilimi na al'ummarmu, Hausawa da 'yan zango mazauna Bronx da Harlem, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Bayan godiya ga Allah, sai iyayenmu. Mun san abin da muka roƙa bai yi muku sauƙi ba. Magidanci ya ɗauko takardar harajinsa ya shimfiɗa gaban yaran da aka haifa a kan idonsa, su ga abin da ya samu a shekara da tuƙin tasi ko gadi, wannan sai mai son ɗansa. Amma babu yadda aka iya, domin tallafin da ake bayarwa gwargwadon buƙata daga aljihun uba da uwa ake fara auna shi. Ƙofar shiga ita ce fom ɗin FAFSA na gwamnatin tarayya, kyauta ake cike shi, kuma bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba yake buɗewa. Harajin shekara biyu baya yake tambaya: yaron da zai shiga jami'a a 2026, takardun 2024 ake dubawa. Daga nan ake fitar da lambar da ake kira SAI, ma'aunin ƙarfin aljihun iyali, wadda tana iya sauka har 1,500 ƙasa da sifili, kuma ita ke nuna ko yaro zai samu tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda mafi yawansa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne. Kyauta ne, ba a mayarwa.

Muna ƙara gode wa iyayen da suka yi haƙuri suka buɗe asusunsu na kansu a shafin StudentAid.gov. Yaro ba zai cike ɓangaren ubansa da nasa asusun ba. Kowa da nasa, kowa da adireshin imel ɗinsa. Akwai kuma wurin da ake neman yardar mahaifi a ɗauko bayanan harajinsa kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS. Wasu sun tsorata da shi, to ku sani in mutum ɗaya ya ƙi amincewa, yaron ba zai samu ko sisin gwamnatin tarayya ba, ko da mahaifin bai taɓa cike haraji ba, ko da yana can gida Kumasi ko Maraɗi. Mahaifin da ba shi da lambar Social Security shi ma yana iya buɗe asusu. Matsayin yaron ake dubawa: ɗan ƙasa ne, ko mai katin zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka. Mai bizar ɗalibi ba ya ciki.

Allah ya saka wa ƙannenmu da ke jami'o'in birni da na jihar New York, wato CUNY da SUNY, da alheri, su da suka zauna da kwamfutocinsu suna bin layi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi cin lokacinsu suna ne. A fasfo Mahamadou, a makaranta Mohammed, a katin Social Security Muhammad. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, don haka abin da ke kan katin shi ake kwafa harafi da harafi. Haka ranar haihuwa: a nan wata ake fara rubutawa kafin rana, wanda aka haifa 3 ga Yuli sai ya wayi gari an mai da shi 7 ga Maris, fom ya tsaya cak. Sun kuma tunatar da kowa cewa ana iya sa makarantu har 20 a fom ɗaya, kuma tallafin jihar New York, wato TAP, takardarsa daban ce. Da yawa suna gama FAFSA su rufe kwamfuta, su bar kuɗin jiha a ƙasa.

Godiya ta musamman ga ɗan'uwanmu akawun haraji da ya rufe ofishinsa ya zo. Ya warware abubuwan da suka shafe mu musamman. Miji da mata suna gida ɗaya amma kowa ya cike haraji a matsayin shugaban gida don a ƙara masa abin da ake mayarwa: ofishin tallafi na makaranta zai ga saɓanin, ya riƙe kuɗin yaro har sai an gyara takardun. Sai uwar adashi. In fom ya tambayi abin da ke asusun banki, na ranar da ake cikewa yake nufi, don haka kada Hajiya ta cike a ranar da zubin mata goma ke kwance a asusunta. Gidan da kuke zaune ciki ba a lissafa shi a FAFSA, amma gidan haya ko fili da aka mallaka a gida Afirka dukiya ce, ana faɗar ƙimarsa da dala. In iyaye sun rabu, wanda ya fi ɗaukar nauyin yaron a watanni 12 da suka wuce shi ne mai cikewa, ba lallai wanda yaron ke kwana gidansa ba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suna ƙara neman wani fom mai suna CSS Profile, wanda ya fi tonon silili, har yakan tambayi ɗaya mahaifin. Iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 ba, ba sa biyan kuɗin tura shi.

Ga malaman makarantun sakandare da suka rubuta wa yaranmu wasiƙun shaida, mun gode. Waɗannan wasiƙu su ake buƙata a gidauniyoyin da aka kafa don 'ya'yan tsiraru. Gidauniyar Gates tana ɗaukar ɗalibai kowace shekara, tana neman maki 3.3 cikin 4 da cancantar Pell, ta biya duk abin da sauran tallafi bai rufe ba, amma tun tsakiyar Satumba take rufe matakin farko, lokacin da yawancin yaranmu ba su ma farga ba. Ta Ron Brown dala 40,000 ce a shekara huɗu. Gidauniyar UNCF, da aka kafa a 1944 don tallafa wa karatun baƙaƙen fata, tana da ɗaruruwan tallafi kanana da manya a shafinta. Sai dai tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 kan duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, wurare da dama sun sauya sharuɗɗansu, Gates ma ta cire sharaɗin launi a 2025. Kada a yi aiki da abin da yayan yaro ya tarar shekara uku da suka wuce, a karanta shafin bana. Malami kuma a ba shi mako uku ko huɗu, ba a tare shi a ƙofar aji ana gobe za a rufe ba.

Yaran da suka ce ba su da abin rubutawa a maƙalarsu ta neman gurbi ko tallafi, mun gode da kuka saurara. Yarinyar da ke yi wa uwarta tafinta a asibiti tun tana shekara tara, ta kai ƙannenta islamiyya, ta tsare shago ranar Asabar, tana da abin faɗa fiye da shafi biyu.

Liman da kwamitin masallaci da suka ba mu ɗakin ƙasa da intanet, da iyayenmu mata da ba su bar mu da yunwa ba, koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, Allah ya biya ku da gidan aljanna.

Saura aiki ɗaya. Daga Maris takardun tayin makarantu za su fara zuwa, kuma suna cakuɗa kyauta da bashi a jeri ɗaya. Bashin tarayya na ɗan shekarar farko dala 5,500 ne iyakarsa, kuma akwai ruwa a kansa. Ba dole ba ne a karɓa, ana iya ɗaukar kyautar a bar bashin. Wanda samunsa ya ragu bayan 2024, ko aiki ya ƙare ko rashin lafiya ta shigo, ya rubuta wa ofishin tallafi da shaidarsa, suna da ikon sake lissafi. In an nemi takardun tantancewa a tura da wuri. Ku kawo takardun tayin mu duba tare kafin 1 ga Mayu, ranar da yawancin jami'o'i ke son jin amsa.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, amin.