Kwana 40 da na ajiye robar man nan

Asabar da dare, ɗakin kwanan ɗalibai na Amina, Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya

Yau kwana 40 cif da na daina shafa man bilicin. A bayan littafin lacca nake ƙirga su, kowace safiya in ja layi ɗaya. Bayan sallar asuba na tsaya gaban madubin da muka rataye a bayan ƙofa, na daɗe ina duban fuskata. Kalata tana dawowa, amma ba gaba ɗaya ba: goshi ya yi duhu, kumatu har yanzu ja-ja, gefen baki kuma ƙuraje. Gaɓoɓin yatsuna da suka ƙi yin fari tun farko, waɗanda nake ɓoyewa da lalle, yanzu su ne sauran jikin ke komawa wajensu.

Shekara biyu na yi ina shafawa. Tun ina aji ɗaya na fara, lokacin bikin wata ƙawata da aka ce 'yan anko su fito fes. Wata mai shago a Sabon Gari ta haɗa mini a roba marar suna, ta ce ba ya illa, ni kuma na ji nauyin tambayarta abin da ke ciki. Naira 8,000 duk wata, daga kuɗin abincina. Sai da jijiyoyi suka fara bayyana kore-kore a kumatuna, nankarwa ta fito mini a damtse, sannan na je wajen likitar fata. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani: irin wannan haɗin galibi akwai maganin sitiroyid a ciki, shi ke sa fata ta yi siriri har rana ta riƙa ƙona ta, wani kuma har da zaiba, wadda ke ratsa fata ta je ta taɓa ƙoda, shi ya sa NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta haramta man shafawa mai ɗauke da ita. Ta gargaɗe ni cewa in na daina, fatar za ta yi bore kafin ta kwanta. Ta yi kuwa. Makon farko ƙaiƙayi bai bar ni na yi barci ba.

To yau sunan ɗan Yayana ne a cikin Birni, kuma rabon dangi da ni tun ina fara tas. Sau biyu na ɗauki waya zan ce ina da gwaji ranar Litinin, ba zan samu zuwa ba. Gwajin gaskiya ne, amma ba shi ke hana ni ba, na sani. Na ɗaura atamfata, na yafa mayafi, ban shafa hoda ba.

Bas daga Samaru, Kwangila, Sabon Gari, sannan keke zuwa Tudun Wada. Da muka shiga Ƙofar Doka gabana ya fara faɗuwa.

Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon waina da tuwon shinkafa. Ko gaisuwa ban gama ba wata matar kawuna ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kuwa lafiya? Kin yi baƙi wuluk! Bokon ne ya mai da ke haka?" Wata daga gefe ta ce, "Ki dai gyara, samarin yanzu fara suke nema." Aka yi dariya. Ba da mugunta suka faɗa ba, haka ake magana a gidan biki, amma ta soke ni. Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Anti, kalata ce ta dawo." Iyakar abin da na ce ke nan. Hannuna na rawa a ƙarƙashin mayafi, amma ban sunkuyar da kai ba.

Na wuce ɗakin Gwaggo. Ita hayaniyar biki ba ta dame ta ba, tana zaune bakin taga da babbar riga a cinya, tana ɗinkin aska takwas. Da wannan allurar ta aurar da 'ya'ya uku, kamar mata da yawa a unguwannin Birni da ke ɗinkin hannu a cikin ɗakunansu, riga ɗaya ta ci watanni. Na gaishe ta. Ta cire tabarau ta dube ni, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Matso nan, 'yar nan." Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. "Yau na ga ɗan'uwana. Kalar Malam ce wannan, sak."

Shekara shida da rasuwar Baba. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake gogewa kowane dare nasa ba ne. Na kifa kai a gwiwarta na yi kuka, ta bar ni na yi, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na ɗago na faɗa mata komai, har kuɗin abincin. Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Kin fara sanin ciwon kanki."

Wannan maganar nake ta juyawa tun a keke. 'Yar ɗakinmu tana yawan karanto mana abubuwan da ake rubutawa a Instagram, wai mace ta so kanta. Duk lokacin da na mai da shi Hausa sai ya ƙi zama, domin a wurinmu son kai zagi ne. Mai son kai shi ne wanda zai cinye tsoka ya miƙa wa ɗan'uwansa ƙashi. An raine mu da kunya da kawaici, kuma ba na son in rabu da su, ado ne. Amma kawaicin nan ne ya hana ni tambayar mai shago abin da ta zuba mini, shi ne ya sa na yi shiru shekara biyu fatata na ƙuna. Wannan ba tarbiyya ba ce, cutar kai ce. Sanin ciwon kai da Gwaggo ta faɗa ya fi zauna mini. Ba ya cewa in fi kowa. Yana cewa jikin nan amana ne, kuma in ban ji zafinsa na tashi ba, ba wanda zai ji mini.

Kafin la'asar ta ba ni ƙyalle da allura, ta nuna mini yadda ake ɗaura zare ba tare da ƙulli ya fito ta fuska ba. Sau huɗu ta sa na warware. Mun yi da ita zan riƙa zuwa duk Asabar, kuɗin man nan kuma zan zuba a adashin da take yi da matan layinsu.

Na dawo bayan magariba da ƙullin waina ga 'yan ɗaki. Kumatuna na ɗan zafi saboda ranar da na sha, na wanke na shafa abin da likita ta rubuta mini. Littafin gwaji na buɗe a gabana, shafi uku kawai na karanta. Gobe in Allah Ya kai mu zan ja layi na 41, sannan in tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da wuri kafin kujeru su cika.