Daren da na share faifan kwamfutata da hannuna

Ba wanda ya yi min wannan aika-aikar. Ni na yi wa kaina, ina zaune a kan tabarma bayan sallar isha'i, hankalina kwance, har da kofin shayi a gefe.

Kwamfutar tsohuwar HP ce, mai faifan ajiya na GB 500, irin mai juyawar nan da ake jin gurnaninsa idan ɗaki ya yi tsit. Ta yi nauyin da in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Shi ne na ce bari in sake ɗora mata Windows 10 daga filash. Duk abin da nake ji da shi yana cikin D: hotunan iyali tun na 2014, takardun makarantar da nake koyarwa, da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, karatuttukan da na riƙa naɗa da waya a zauren gidanmu kafin rasuwarsa. Don tsabar taka-tsantsan ma, sai da na kwashe abin da ke Documents na zuba a D. A tunanina C, inda Windows yake, faifai ne guda, D faifai ne daban, alhali ɓangarori biyu ne na faifai ɗaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da aka zo wurin da ake tambaya ina za a ɗora Windows ɗin, ban ga C ba, ban ga D ba. Layuka huɗu ne kawai, kowanne an rubuta Drive 0, sai lamba a gabansa. Na ce ai tunda duk sunansu ɗaya, duk 'ya'yan C ne, D kuwa ba a nuna shi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna Delete. Kowanne sai da gargaɗi ya fito, kowanne na amsa ban karanta ba. Aka ɗora Windows, kwamfuta ta koma kamar amarya. Na haɗa ta da intanet ɗin wayata, na sauke Chrome, na ɗora Office, na bar ta tana sauke sabbin gyare-gyarenta, na je na kwanta ina yaba wa kaina.

Da safe uwargida ta ce, "Malam, ina furojet ɗina? A kan fuskar kwamfutar na ajiye shi." Na manta da shi shaf. Na ce mata kada ta damu, wataƙila akwai kwafi a D. Na buɗe, babu D. C ne kaɗai, GB 465, kusan duk wayam. Na yi ta salati, gumi na keto min duk da sanyin hunturu.

Har na fara neman Recuva zan sauke, sai na ce bari in kira ƙanina, shi ne mai gyaran kwamfuta a gidanmu. Bai bari na gama bayani ba.

"Yaya, tana kunne yanzu?"

"E, ina sauke wata manhaja da za ta dawo da su."

"Don Allah kashe ta. Danne maɓallin har ta mutu, kada ka ƙara taɓa ta sai na zo."

Da ya iso ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun jiya. Ya ce abin da na share ba gidaje ba ne, takardar awon filaye ce na yaga. Gidajen suna nan a tsaye, amma sabon Windows ba shi da labarinsu, duk unguwar fili yake gani, inda ya ga dama nan zai kafa harsashi. Kowace manhaja da na ɗora daren jiya, kowane gyara da kwamfutar ta sauke ina barci, gini ne a kan gidan wani. Ya ƙara da abin da ya fi ƙona min rai: da zaɓar ɓangaren C kawai na yi na wuce ban share komai ba, da Windows ya tattara tsoffin kayana cikin wata folda mai suna Windows.old, wadda yake bari kwana 10 kafin ya share ta. Sa'ata ɗaya, in ji shi, faifan mai juyawa ne. Da SSD ne, irin faifan da ba ya juyawa, akwai wani umarni da ake kira TRIM da ke sa faifan ya goge wuraren da aka ce masa ba a buƙata, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan.

Muka kwance kwamfutar muka zaro faifan. Na je kasuwar Farm Centre a Kano na sayo gidan faifai mai kebul da wani faifan waje na TB 1, kuɗin da ban yi niyyar kashewa a watan ba. Dokarsa ita ce tsohon faifan karanta shi kawai za a yi, duk abin da aka ceto sabon za a zuba wa.

Da TestDisk ya fara, manhaja ce ta kyauta mai nemo ɓangaren faifai da ya ɓace, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira. Ba ta da ado ko kaɗan, baƙin allo ne da farin rubutu, da kibiyoyi ake sarrafa ta. Binciken farko na gaggawa bai ga komai ba sai sabon C. Ya sa ta ta yi mai zurfi, wanda ke bin faifan daga farko har ƙarshe. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, batirin kwamfutarsa bai jure ba, muka tada janareto muka sake daga farko. Wajen la'asar wani layi ya bayyana, ɓangare mai girman kusan GB 300. Ya danna P.

Sai ga sunayen foldodina sun jeru. "Hotunan Sallah". "Makaranta". "Karatun Baba". Sai da na tashi na fita tsakar gida na ɗan jima.

Dalilin tsirar D ba wani abin al'ajabi ba ne. C ne a farkon faifan, D a baya, shi kuma sabon Windows daga farko ya fara zuba kayansa, bai kai can ba tukuna. Na ce masa ya mayar da ɓangaren yadda yake kawai mu huta, ya ƙi. Ya ce mayarwa rubutu ne a kan faifan, sai an kwashe komai tukuna. Kwafin ya kwana yana tafiya.

Furojet ɗin uwargida kuwa yana tsohon C, daidai inda na yi gine-ginena. A nan aka koma ga PhotoRec, 'yar'uwar TestDisk, tare suke zuwa. Ita ba ruwanta da jerin sunaye, faifan take bi tana gane fayil daga alamar da ke farkonsa, ta ce wannan hoto ne, wannan takardar Word ce. Abin da ta fito da shi tsibi ne kamar bola: folda bayan folda, kowacce da fayil 500, sunayensu harafin f da dogayen lambobi. Yawancinsu tarkace ne, 'yan hotunan shafukan intanet da ban ma san kwamfuta na ajiyewa ba. Na ware takardun Word kaɗai, na yi dare uku ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na ci karo da tambayoyin jarrabawar da na rubuta shekaru shida da suka wuce, lafiyarsu ƙalau, abin da ba mai nemansa.

Babi na ɗaya zuwa na uku sun fito, amma tsohon kwafi ne, kafin gyaran malaminta. Wannan da sauƙi, domin gyaran yana kan takarda da jan biro. Babi na huɗu, wanda ta yi sati uku tana haɗa alƙalumansa, mun sami fayil biyu masu kama da shi, duk sun ƙi buɗuwa. Ƙanina ya ce takardar da ake yawan buɗewa ana gyarawa takan warwatsu a wurare daban-daban a faifai, PhotoRec kuma ba ta cika iya haɗa gutsattsarin ba, ko kuma Office ɗin da na ɗora ne ya zauna a kan rabinta. Ni dai na fi zargin Office ɗin, ko don ni na ɗora shi.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta shiga ɗaki ta jawo kwalin takardun tambayoyin da ta raba wa mutane, guda 120, ta dire shi a gabana.

"Malam, kai za ka riƙa karantowa, ni ina shigarwa."

Yau dare na tara ke nan, muna kan ta 86. Tsohon faifan yana cikin durowa naɗe da leda, ƙanina ya ce kada a taɓa shi sai ta miƙa furojet ɗin an sa hannu.