Injin niƙa da sunansa a Turanci

Masu karatun Turanci a nan Kaduna sukan ci karo da kalmar gristmill a littattafan tarihin Ingila da Amurka, su kuma wuce ta ba tare da sanin cewa abin da take nufi yana nan a kusan kowace unguwa, daga Tudun Wada har Kawo, ba. Kalmar haɗi ce: grist shi ne hatsin da mutum ya kai domin a niƙa masa, mill kuwa shi ne gidan niƙan ko na'urar kanta, kuma asalinsa daga Latin ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda irin waɗannan gidajen niƙa suke aiki. A da can ruwan kogi ko iska ne ke juya wani katon dutse a kan wani, kamar yadda iyayenmu mata suke murza gero a dutsen niƙa, sai dai ba da ƙarfin hannu ba. Mai niƙan yakan ɗebi wani kaso na hatsin a matsayin ladansa maimakon kuɗi. George Washington, shugaban Amurka na farko, shi ma ya gina irin wannan a gonarsa ta Mount Vernon a 1771.

A Turancin Nijeriya ba kasafai ake jin kalmar ba, domin grinding machine muka saba cewa. A ganina ɗalibi ya kamata ya kiyaye cewa gristmill na busasshen hatsi ne kawai, irin masara da dawa da alkama, bai shafi markaɗen tumatir ko wake ba.