Melatonin: ƙwayar da ke gyara lokacin barci

Melatonin sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta idan duhu ya yi, ya sanar da jiki dare ya yi. Ƙwayarsa ba ta kwantar da mutum nan take, lokacin barcin take matsowa da shi. Shi ya sa ta fi amfanar wanda tafiyar jirgi ta rikita masa dare da rana, ko wanda barci ba ya ɗaukarsa sai ƙarfe biyu.

A fara da miligiram 0.5 zuwa 1, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Masu shan 10 sukan wayi gari da nauyin kai da jiri, barcin kuma bai ƙaru ba. Hasken waya yana danne melatonin na jikin, haka goro da shayi mai kauri bayan la'asar suna warware aikin ƙwayar.

A Ingila sai da takardar likita. A Amurka kuwa a kanti ake sayar da ita, kuma binciken 2023 ya gano 22 cikin 25 na masu kamar alawa ba su ɗauke da adadin da aka rubuta a kwalba. Mai ciki, mai shayarwa, yara da masu shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) su fara tuntuɓar likita.