Ɗinkin da ke cikin ƙirji

Duk wanda aka yi wa aikin cire kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi, yana fitowa daga ɗakin fiɗa da ɗinki iri biyu: na fata, wanda dangi ke dubawa suna jajantawa, da na ciki, wanda ke hana likitoci barci. A wannan aiki ana yanke sashen da cutar ta ci, a gyara tumbi ya zama siririn bututu, a jawo shi sama a haɗa da abin da ya rage na maƙoshin. Wani lokaci a ƙirji ake haɗin, bisa hanyar da likitan Birtaniya Ivor Lewis ya bayyana a 1946, wani lokaci kuma a wuya. Ko a manyan asibitocin Turai, kusan mutum 1 cikin 10 wannan ɗinki yakan yi masa yoyo. Na wuya ya fi yawan saki, amma mugunyarsa takan fito waje. Na ƙirji kuwa yana zubar da miyau da ruwan tumbi kusa da zuciya da huhu, kuma shi ya fi kisa.

Tushen matsalar jini ne. Bayan an gyara tumbin, galibi jijiya ɗaya ce ke ciyar da shi, kuma bakin da ake ɗinkewa shi ne mafi nisa da ita, kamar gonar da ke can ƙarshen magudanar ban-ruwa a Jiratawa, kusa da Maradi. Shi ya sa tun kafin a taɓa wuƙa likita yake tambaya a kan ciwon suga, shan taba, ciwon zuciya da na ƙoda, yake kuma duba hoton sikana ko manyan jijiyoyin jini sun ƙandare. A wasu asibitoci ana zuba wani koren rini a jijiya ana tsakiyar aiki, a haska da kyamara ta musamman don a ga iyakar inda jini ya kai, sai dai na'ura ce mai tsada.

Abin da ya fi damuna a nan Maradi shi ne rama. Mutuminmu ba ya zuwa asibiti ranar da tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji. Yakan koma kunu, daga nan fura mai ruwa-ruwa, ana ta jiƙe-jiƙe, sai bayan wata da watanni ya zo ƙashi da fata. Naman da yunwa ta cinye ba ya riƙe zare. Awon albumin, wani sinadari da ke cikin jini, yana nuna wannan rauni, kuma a ganina makonnin da likita zai ce a jira, a ciyar da majinyaci ta tiyo har ya ɗan murmure, sun fi duk wata gaggawar da dangi ke yi amfani.

Bayan aiki, awon da aka fi dogara da shi shi ne na CRP, wani sinadari a jini wanda ke hawa idan akwai kumburi a jiki. A kowa yana tashi a kwanakin farko, amma ya kamata ya fara sauka wajen kwana na 3 ko na 4. A 2012 likitoci biyu a Ingila, Noble da Underwood, sun haɗa shi da albumin da yawan fararen ƙwayoyin jini suka fitar da ma'auni guda na hasashen yoyo. Ƙarfin CRP yana wajen kwantar da hankali ne: idan ya sauka, da wuya a samu yoyo, idan ya ƙi sauka, yana iya zama ciwon huhu ne, dole a koma ga sikana ko a zura kyamara ta baki a gani.

Sauran alamun ido ke ganinsu. Zuciya takan rikice da bugu ba tsari tun kafin masassara ta bayyana, numfashi ya yi sauri, mutumin da ke hira jiya ya wayi gari a ruɗe. Kwalbar da ke ƙarƙashin gado, wadda tiyon ƙirji ke zuba a ciki, ruwanta yakan tashi daga ja-ja mai haske ya koma gurɓatacce mai wari. Mai jinyar da ke kwana a gefen gado ita ke riga kowa lura, kuma ita ce kan ce, "Likita, ku yi haƙuri, leɓensa ya bushe, ko cokali ɗaya na kunu." Tausayi ne, amma cokalin nan yana iya ƙarewa a ƙirji, don haka sai an ba da izini.

Yoyo yakan bayyana ne cikin kwanaki 10 na farko. Wanda aka yi wa aiki a Yamai, da tafiyar fiye da kilomita 600 tsakaninsa da gida, bai kamata kuɗin masauki ya sa a roƙa masa sallama kafin lokaci ba, kuma ya dace a karɓi lambar wayar sashen fiɗa kafin a hau mota.