Batirin ɗaki ba ya ɗaukar caji: inda bincike ya kai

'Yan uwa masu koyon wutar motar gida, irin mai gado da kicin a ciki, ga inda aiki ya kai. Batiri biyu ne a motar: na tayar da inji, da na ɗaki mai riƙe fitilu, famfon ruwa da firij. Na ɗakin ne ke mutuwa kafin asuba.

Kada a yi saurin sayen sabo. A kashe komai, a bar batirin ya huta 'yan awoyi, sannan a sa mita a kawunansa. Batirin ruwa mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Sai a jona motar da wutar waje, wato lantarki irin na gida, don cajar da ke cikin motar ta fara aiki, a sake aunawa. Ya kamata lambar ta haura zuwa wajen 13.6. In ba ta motsa ba, caji ba ya isowa.

Daga nan sai a auna a bakin cajar da ke cikin motar. Idan can akwai 13.6 amma batiri yana nan a 12.2, laifin yana kan hanya. A duba makunnin da ke raba batiri da ɗaki, don sau da yawa a kashe ake barinsa. A duba fiyus ko ƙaramin bireka da ke kusa da batiri. Sannan fiyus biyu na jikin caja, galibi amfiya 30 ko 40, waɗanda ke ƙonewa da zarar an juya kawunan batiri. Wannan kuwa yana yawan faruwa da tirelolin kwana na Amurka, inda baƙar waya ce mai wuta, fara kuma ita ce negatif, wadda ake ɗaurewa a ƙarfen mota. Wanda ya saba da ja da baƙi sai ya haɗa a juye.

Wayar da aka ɗaure a ƙarfen mota ita ce aka fi mantawa da ita. Tsatsa a ƙarƙashin noti ɗaya ta isa ta cinye rabin volt. A kwance, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Farin garin da ke kan batiri kuma, garin baking soda da ruwa ke wanke shi.

Binciken cajin da ke zuwa daga inji shi ne bai kammala ba. A tsohuwar mota altaneta, mai samar da wuta idan inji yana aiki, tana ba da volt 13.8 zuwa 14.4, sai rile, wato makunni mai aiki da kansa, ya haɗa batiran biyu. Sababbin motocin Turai masu bin ƙa'idar rage hayaƙi ta Euro 6 kan sauke wutar bayan an ɗan yi tafiya, sai rile ya saki. Maganinsa caja ta DC-DC, mai karɓar wuta daga ɓangaren inji ta daidaita ta ga batirin ɗaki, kuma ita ce ta dace idan batirin lithium ne, wanda ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 na Celsius. Mataki na gaba shi ne auna tsawon waya daga inji zuwa ɗaki, kafin a zaɓi kaurinta.