Gadar katakon Luzan da rufinta

Ni dai da can in na ga hoton gada mai rufi ɗauka nake don masu wucewa aka yi, kar ruwan sama ya dake su. Ashe ba haka bane, katakon ake ji wa. Katako in yau ruwa ya jiƙa shi gobe rana ta busar jibi ƙanƙara ta kwanta a kai, to ruɓewa zai fara tun daga mahaɗa inda ruwa ke maƙalewa, shekara goma zuwa ashirin gadar ta gama yawo. Amma da an kifa mata rufi sai kaga ta haura ɗari tana nan daram, rufin kawai za'a dinga gyarawa.

Wadda ta sa na gane haka itace Kapellbrücke ta garin Luzan a Suwizalan, an gina ta a ƙarni na 14 akan kogin Reuss, sunan ma daga wata ƙaramar majami'ar Saint Peter dake bakinta aka samo shi. Tsawonta yanzu wajen mita 204, da ta fi haka an rage ta ne a hankali da ake cike bakin kogi. Abin da ya fara ɗaure min kai bata miƙe ba, a karkace ta ratsa ruwan kaman mai gudun wani abu, ashe cikin ganuwar gari take, shi yasa katangar gefen dake kallon tafki tafi ɗayan tsawo don masu tsaro su fake. Ga kuma wata hasumiyar dutse mai kusurwa takwas a jikinta, mita 34 da ɗoriya, ta ma girmi gadar, an yi kurkuku da ita an azabtar da mutane a ciki daga baya kuma aka maida ta ma'ajiyar takardu da baitulmali. Yanzu kam sai furanni a gefe da masu ɗaukar hoto, baka cewa an taɓa kuka a wajen.

Inda nafi daɗewa wlh shine ƙarƙashin rufin. A ƙarni na 17 suka liƙa zane-zane akan alluna masu kusurwa uku, daidai da yanayin katakon dake riƙe da rufin, kana tafiya kana ɗaga kai kana karanta tarihin garin da waliyyansu, aikin Hans Heinrich Wägmann ne da yaransa. Guda 158 ne asali, 147 suka kawo 1993.

Daren 18 ga Agusta 1993 wuta ta tashi. Ruwan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarewa bai ci ta ba, busasshen katakon nan kuwa wuta ta same shi yadda take so, ta cinye mafi yawan gadar, allunan 30 kacal aka iya gyarawa. Ba'a yi wata takwas ba suka sake ginawa aka buɗe 14 ga Afrilu 1994, sauri kam sun yi, amma in ka lura katakon tsakiya yafi na bakin haske. Wasu allunan da suka ƙone an maida su wajensu a haka baƙi ƙirin ba'a taɓa ba, mutane sai su wuce ta ƙasansu ido na kan waya, ni kuwa wuyana har ya ƙage.